Daga Fagen Kokawa Zuwa Allon Silima: Rayuwar Dara Singh (1928–2012)

1.0 Gabatarwa

Tun cikin shekarun 1950 finafinan Indiya suka fara shiga gidajen silima na ƙasar Hausa ta hannun 'yan kasuwa Kwarori, har masu kallo suka saba da jarumin da ke waƙa da rawa da zubar da hawaye saboda soyayya. Amma a cikin waɗannan finafinai akwai wani jarumi na daban, wanda ba a ɗauke shi aiki domin zaƙin murya ko iya rawa ba, sai domin faɗin ƙirji da kaurin damtse. Wannan shi ne Dara Singh, ɗan kokawar da ya zama ɗan wasan fim, daga baya ya zama fuskar wani abin bauta a idon miliyoyin mutane, sa'an nan ya ƙare da zama ɗan majalisar ƙasa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun rayuwar wannan mutum, domin a ga yadda ya ratsa waɗannan fagage. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ko da yake ana cewa ya sauya sana'a sau uku ko huɗu, jarinsa guda ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, watau jikinsa da kuma yardar da talakawan Indiya suka yi da wannan jiki. Za a kuma duba dalilin da ya sa ƙasar da ta fito daga mulkin mallaka ta yi ƙishirwar irin wannan gwarzo, da abin da aka yi da wannan yarda bayan ta kafu.

2.0 Kokawar Gargajiya a Ƙasar Indiya

Kafin a shiga tarihin Dara Singh, ya kamata a san irin ƙasar da ya tsiro a cikinta. Indiyawa suna da kokawarsu ta gargajiya da suke kira kushti, ɗan kokawa kuwa ana ce masa pahalwan, kalmomin da suka samo asali daga Farisanci. Ana koyon wannan kokawa a wani gida da ake kira akhara, inda ake da fage na ƙasa mai laushi wadda ake kwaɓawa da mai da nono da kurkum. Almajirin kokawa yana zama ƙarƙashin malaminsa, yana tashi tun da asuba ya yi ɗaruruwan tsugunne-tashi da motsa damatsa, abincinsa madara da man shanu da wata ƙwaya mai maiƙo da suke kira badam, kuma ana horonsa da kame kai daga giya da mata. A gidajen kokawa na mabiya addinin Hindu akan ajiye gunkin Hanuman, abin bautarsu mai siffar biri, wanda suke ɗauka shi ne uban ƙarfi da biyayya. Wannan batu na Hanuman zai sake tasowa a gaba.

Irin wannan rayuwa tana cin dukiya, ɗan kokawa kuwa ba ya noma ba ya fatauci. Saboda haka manyan 'yan kokawa a fadar sarakuna suke fakewa. A zamanin Turawan Ingila akwai masarautu fiye da 500 a Indiya, kuma sarakunan wurare irin su Patiala da Kolhapur da Baroda sun yi suna wajen riƙon 'yan kokawa, suna ciyar da su, suna gasa da junansu da su. Wanda ya fi kowa shahara a wannan tsari shi ne Ghulam Muhammad, wanda aka fi sani da Gama, Musulmi ɗan yankin Amritsar da aka haifa a 1878. A 1910 ya je Landan ya kara da Stanislaus Zbyszko, mutumin Folan, suka shafe kusan awa uku Zbyszko yana manne da ƙasa, ranar da aka sa domin a sake karawa kuwa bai zo ba. Da suka sake haɗuwa a Patiala a 1928, Gama ya kayar da shi cikin ƙasa da minti ɗaya. Tun daga lokacin Indiyawa suka ɗanɗana daɗin ganin ɗansu ya kai Bature ƙasa.

A 1947 aka ba Indiya mulkin kai, aka kuma raba ƙasar gida biyu, iyakar Indiya da Pakistan ta ratsa tsakiyar Punjab, cibiyar kokawa. Gama ya zauna a Lahore ta ɓangaren Pakistan, inda ya rasu a 1960 cikin rashin lafiya da ƙuncin hannu. Masarautun nan kuma aka haɗe su cikin sabuwar ƙasa, ikon sarakuna ya tafi, kuɗin da gwamnati ke ba su ma aka soke shi a 1971. Inuwar da 'yan kokawa suke fakewa ta gushe ke nan, dole duk mai ƙarfin da ke son ya ci abinci da ƙarfinsa ya nemi sabon ubangida.

3.0 Asalinsa da Fitarsa Neman Arziki

An haifi Deedar Singh Randhawa, wanda duniya ta sani da Dara Singh, ranar 19 ga Nuwamba, 1928, a ƙauyen Dharmuchak cikin gundumar Amritsar. Iyayensa manoma ne mabiya addinin Sikh, kuma aikin gona ya ci ƙuruciyarsa fiye da karatu. Kamar sauran samarin Punjab na zamaninsa, ya bi hanyar cin rani ta ƙasashen da Ingila ke mulki, ya sauka Singafo a 1947, ya kama aikin ƙarfi a wata masana'anta. A can ne ya shiga hannun wani malamin kokawa mai suna Harnam Singh, ya soma horo na sosai. Tsayinsa ƙafa shida da inci biyu, nauyinsa kuwa a ganiyarsa ya haura kilo 120.

Saukarsa Singafo ita ce ta sa rayuwarsa ta bambanta da ta Gama. A Singafo da Malaya akwai filayen shaƙatawa da ake biyan kuɗin ƙofa, inda ake nuna kokawa irin ta Turawa a kan dandamali mai igiyoyi, 'yan kokawa daga Turai da Ostareliya da Asiya suna zagayawa gari gari. A nan mai sayen tikiti shi ne ubangida. Dara Singh ya koyi wannan sabuwar kokawa a bisa harsashin ta gargajiya, ya zama zakaran Malaya bayan ya kayar da Tarlok Singh, sa'an nan ya komo gida da suna. A 1954 ya kayar da Tiger Joginder Singh, ya karɓi kambin Rustam-e-Hind, watau Rustam na Indiya. Shi Rustam sadauki ne a cikin Shahnama, littafin da Firdausi ya tsara da Farisanci kimanin shekara dubu da suka wuce, kuma sunansa ya zama kirarin duk wanda ba a iya kai bayansa ƙasa.

4.0 Kokawar Kuɗi da Sirrinta

A nan akwai buƙatar a tsaya a fayyace irin kokawar da Dara Singh ya yi suna da ita, domin kuwa a kanta ne sauran bayanin ya dogara. Kokawar kuɗi, wadda a yau matasa ke kira resilin, ta tashi ne a Amurka da Turai, kuma tun farkon ƙarni na 20 masu shirya ta suka gane cewa karawa ta gaskiya tsakanin ƙwararru biyu takan yi tsawo ta gunduri mai kallo, kamar yadda ta faru tsakanin Gama da Zbyszko a Landan. Saboda haka suka mayar da ita labari. Akan fitar da nagari da mugu, mugu ya yi ha'inci a bayan alƙali, ya zagi jama'a, nagari ya sha wuya har a fid da rai, sa'an nan ya farfaɗo. Masu shiri su ke tsara inda za a ƙare, su ne kuma masu kambin da ake bayarwa. Ƙarfin dai na gaske ne, faɗuwa da karaya ma na gaske ne, kuma ba mai iya wannan aiki sai wanda ya ƙware a kokawa. Masanin Faransa Roland Barthes ya yi nazarin wannan wasa a littafinsa Mythologies na 1957, inda ya nuna cewa abin da mai kallo ke biyan kuɗi ya gani shi ne a yi wa azzalumi sakayya a bainar jama'a.

Babban abokin karawar Dara Singh shi ne Emile Czaja, haifaffen ƙasar Hangari, wani basamuden ƙato mai nauyin kusan kilo 200 da ake yi wa laƙabi da King Kong. Karawarsu ta cika filaye a biranen Indiya cikin shekarun 1950, kuma labarin yadda Dara Singh ya ɗaga wannan ƙato sama ya juya shi ya zama abin hira a ƙauyuka. A 1959 ya kayar da George Gordienko na Kanada a Kalkata, ya karɓi kambin ƙasashe renon Ingila. Ranar 29 ga Mayu, 1968, a Bombai, ya yi nasara a kan Lou Thesz na Amurka, aka naɗa shi zakaran duniya. Thesz yana cikin ƙwararrun da ba a ja da su a wannan sana'a, amma a lokacin yana da shekara 52, kuma babban kambin Amurka ya riga ya bar hannunsa tun 1966, sa'ad da Gene Kiniski ya karɓe shi.

Masoyansa sukan ce ya yi karawa wajen 500 ba a taɓa kayar da shi ba. Mai nazarin tarihi zai auna wannan magana da ma'aunin sana'ar da aka yi ta a ciki, inda rashin faɗuwar gwarzo shi ne hajar da ake sayarwa. Abin da ya fi lissafin muhimmanci shi ne su wa ake kayarwa, kuma a gaban wa. Mutanen da suka yi kusan shekara 200 ƙarƙashin Turawa, waɗanda marubutan mulkin mallaka suka daɗe suna siffanta da yawansu da rauni da ragwanci, su ne suke zaune suna kallon ɗan manomi yana kai Turawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Haka ta faru a Japan a daidai wannan zamani, inda Rikidozan ya riƙa kayar da Amurkawa a talabijin 'yan shekaru bayan an ci ƙasar da yaƙi a 1945.

5.0 Shigarsa Fim

Wanda ya fahimci abin da ya gabata ba zai yi mamakin shigar Dara Singh fim ba, domin ya riga ya shekara goma yana wasan kwaikwayo a kan dandamali. Ya fara leƙa fim a Sangdil na 1952, amma bai zama jarumi ba sai a 1962, cikin fim ɗin King Kong na Babubhai Mistry, wanda aka sa wa sunan abokin karawarsa, aka kuma saka shi Czaja ɗin a ciki. Masu shirya fim sun ɗauko gabar da jama'a suka riga suka sani daga fage, suka ɗora ta a allo.

Akwai kuma wani dalili daga waje. A 1958 aka yi fim ɗin Hercules a Italiya, Steve Reeves ya fito a ciki, ya yi kasuwa a duniya, sai finafinan majiya ƙarfi masu ɗan bante da takobi suka yi yawa. Ƙananan masu shirya fim na Bombai suka ga suna da nasu ƙaton a gida. Cikin 'yan shekaru Dara Singh ya fito a Rustom-e-Baghdad da Faulad a 1963, da Samson da Hercules a 1964, da Tarzan Comes to Delhi a 1965. A wannan shekara ta 1965 ya fito a matsayin Iskandar a Sikandar-e-Azam tare da Prithviraj Kapoor, ya kuma fito a matsayin Bhim, ƙaƙƙarfan cikin 'yan'uwa biyar na labarin Mahabharat. Tsarin finafinan kusan ɗaya ne: azzalumin sarki ko waziri, gimbiya cikin haɗari, dodo ko zaki, da kokawa wadda dole a yi ta ko labari ya buƙace ta ko bai buƙata ba.

Masu ilmi da masu sharhi a jaridu sun raina waɗannan finafinai, suna ganin na 'yan dako ne da masu jan keke da baƙin ƙauye. Hindin bakin Dara Singh ma yana ɗauke da karin harshen Punjab mai nauyi, ga shi bai iya rawa ba. Manyan 'yan wasa mata suka ƙi fitowa tare da ɗan kokawa, sai aka haɗa shi da wata yarinya mai suna Mumtaz, suka yi finafinai 16 tare. Daga nan ne ta samu tsanin da ta hau har ta zama tauraruwa a Do Raaste na 1969, ta kuma ci kyautar Filmfare da Khilona na 1970. Mutanen da aka raina ɗin nan kuwa su ne mafi yawan masu sayen tikiti, kuma su ne dai waɗanda suka cika filayen kokawa tun farko.

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wajen ƙarshen shekarun 1960 kasuwar finafinan takobi ta faɗi, soyayyar Rajesh Khanna ta mamaye gari, bayanta kuma fushin Amitabh Bachchan. Dara Singh bai tsaya jayayya da zamani ba. Ya karɓi ƙananan matsayi a manyan finafinai, kamar Mera Naam Joker na Raj Kapoor a 1970 da Anand a 1971. Ya kuma juya ga harshensa na haihuwa, ya ba da umarni a fim ɗin Punjabi mai suna Nanak Dukhiya Sub Sansar a 1970, sa'an nan a 1978 ya kafa Dara Studio a Mohali kusa da Chandigarh, domin masu fim na Punjab su sami wurin aiki a gida. Duk wannan lokaci bai bar kokawa ba, sai a 1983 ya yi sallama da ita a Delhi, a gasar da shugaban ƙasa Zail Singh ya halarta.

Duk wanda ya kalli Mard na 1985 zai tuna da shi a matsayin Raja Azad Singh, mahaifin Amitabh Bachchan, wanda ya jefa igiya ya tsayar da jirgin saman Turawa yana shirin tashi da dukiyar ƙasa. Da wani ne aka sa ya yi haka, da dariya za a yi. Manmohan Desai, mai ba da umarnin fim ɗin, ya san cewa masu kallo sun shekara talatin suna yarda da cewa wannan mutum yana iya kayar da Bature, saboda haka jirgin Bature ma ba zai gagare shi ba.

6.0 Hanuman da Siyasa

Matsayin da ya fi kowane tasiri a rayuwarsa ya zo masa yana dab da shekara sittin. Ya taɓa fitowa a matsayin Hanuman a fim ɗin Bajrangbali na 1976, saboda haka da Ramanand Sagar ya tashi shirya labarin Ramayan domin gidan talabijin na gwamnati, Doordarshan, shi ya nema. An nuna shirin kowace Lahadi da safe daga Janairu 1987 zuwa Yuli 1988, kashi 78. A lokacin nunin tituna sukan yi tsit, kasuwanni su tsaya, wasu masu kallo har sukan rataya wa akwatin talabijin furanni su kunna turare. A nan zancen da aka fara a sashe na biyu ya dawo: Hanuman shi ne abin bautar 'yan kokawa a akhara, ga shi kuma zakaran 'yan kokawa, wanda shi kansa Basikhe ne, ya ba shi jiki da fuska. Ga tsararraki da yawa na Indiyawa, in aka ambaci Hanuman, surar Dara Singh ce ke faɗo musu a rai.

Sai dai shirin bai tsaya a nishaɗi da ibada ba. Ya zo ne a daidai lokacin da ƙungiyoyin kishin Hindu ke fafutukar gina wurin bautar Ram a harabar Masallacin Babri da ke Ayodhya. A 1990 L. K. Advani na jam'iyyar BJP ya zagaya ƙasa a motar da aka ƙawata kamar karusar zamanin da, ranar 6 ga Disamba, 1992 kuma aka rushe masallacin, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka kimanin 2,000. Masana irin su Arvind Rajagopal, a littafinsa Politics After Television na 2001, sun nuna yadda shirin Ramayan ya share wa wannan siyasa fage. Biyu daga cikin 'yan wasan shirin, Deepika Chikhalia da Arvind Trivedi, sun ci zaɓen majalisa a 1991 ƙarƙashin BJP. Dara Singh ya shiga jam'iyyar a 1998, a 2003 kuma, zamanin gwamnatin Atal Bihari Vajpayee, aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa ta Rajya Sabha, ɗan wasan motsa jiki na farko da aka yi wa wannan naɗi. Ya zauna a kujerar har 2009.

Ba a san shi da zafin harshe a kan wani addini ba, kuma abokan aikinsa sun yi masa shaidar sanyin hali da tawali'u. Duk da haka, tarihi ya nuna cewa jikin da a shekarun 1950 ya zama abin alfaharin Hindu da Musulmi da Sikh baki ɗaya a gaban Bature, a ƙarshen ƙarni ya shiga cikin alamomin da ɓangare ɗaya na ƙasar ke amfani da su. Yardar jama'a dukiya ce, kuma mai ita ba koyaushe yake da ikon faɗin inda za a kashe ta ba.

7.0 Kammalawa

A shekarunsa na ƙarshe ya koma fitowa a matsayin dattijon gida, kamar a Kal Ho Naa Ho na 2003 da Jab We Met na 2007, inda ya fito kakan Kareena Kapoor. Ya rasu a gidansa da ke Mumbai ranar 12 ga Yuli, 2012, yana da shekara 83, bayan bugun zuciya. A 2018 kamfanin WWE na Amurka ya sanya sunansa cikin jerin magabatan da yake girmamawa.

Idan aka jera rayuwarsa da ta Gama za a ga abin da ya sauya a tsakani. Gama ya dogara da sarakuna, da suka tafi ya shiga wahala. Dara Singh ya zo a lokacin da ubangidan ɗan kokawa ya zama taron jama'a, sai ya bi wannan taro duk inda ya koma, daga fili zuwa silima, daga silima zuwa talabijin. Ba a ƙasar Indiya kaɗai aka yi haka ba, domin El Santo ya yi finafinai fiye da 50 a Meziko, Dwayne Johnson kuma ya bi wannan hanya a Amurka.

Masu nazarin al'adun Hausa suna da abin dubawa a nan. Wasannin ƙarfi na Hausa, kokawa da dambe, su ma sun rayu ne a inuwar sarakuna da masu sana'a da makaɗa, kuma abin da ya adana sunan gwarzo irin Shago shi ne waƙar Ɗan Anace. A Jamhuriyar Nijar gwamnati ce ta zama sabon ubangida tun 1975, sa'ad da aka fara gasar kokawa ta ƙasa wadda ake ba zakaranta takobi. Tambayar wa ke ciyar da ɗan kokawa, da kuma wa ke cin moriyar sunansa bayan ya yi suna, tambaya ce da ta cancanci a yi mata nazari a kan 'yan wasan gida kamar yadda aka yi a nan a kan na Indiya.